Shekarar da na ba da Habu Ƙwaro

Sababbin yaran da aka zuba mana a guruf ɗin Damisa satin nan, sannunku da zuwa, ku matso. Musamman kai Fahad, da ka rubuta wai "aikin Sadik Tef me ye a ciki, ba kallon bidiyo ba ne kawai?" har da alamar dariya guda bakwai. Na gani, mutumina. A cikin motar danfo na gani ina dawowa daga makaranta, kuma tun daga Oshodi nake danna maka wannan amsar da yatsa ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da ƙarfen kujera. Ka karanta har ƙasa, ban da tsallake.

Ga wanda bai san harkar ba: ƙungiyoyin ƙwallon kwando shida ne a yankinmu na Agege, duk a filin simintin bayan firamare muke gasa. Sati biyu bayan babbar Sallah ake ranar musaya. Ba a sayen yaro, dokar dattawan fili ce. Yaro da yaro ake canzawa, in akwai ciko a cika da sabuwar ƙwallo ko saitin jesi. Kowace ƙungiya tana da mutum ɗaya mai cewa a ba da wannan, a karɓo wancan. A Damisa alamar wannan kujerar tef ne irin na tela, ruwan ɗorawa, wanda Koci Lawal yake rataya wa mutum a wuya. In ka yi ɓarna, a gaban kowa zai cire abinsa. Ni an rataya min, an kuma cire min, sai da na shekara uku ina neman ya dawo.

Aikin farko da Koci ya ba ni, ina aji huɗu a sakandare, cewa ya yi in je Mushin in dubo wani yaro da ake ta zuzutawa. Koci Lawal mahauci ne a Oko-Oba, babansa kuma dillalin shanu ne, shi ya sa ko maganar ƙwallo yake sai ka ji kamar a kara kake. Na je, na dawo da bidiyo uku, ina ji da kaina. Ko wayar bai kalla ba.

"Takalminsa lamba nawa?"

Na ce ban duba ba.

"Da aka ƙwace masa ƙwallo, ya bi ta ko tsayawa ya yi yana kallon rafali?"

Na ce ai a bidiyon ba a ƙwace masa ba.

"To uban me ka je yi Mushin? Cin amala?"

Sau uku ya mai da ni. A na uku ne ya zaunar da ni a kan benci ya koya min tef. Ba tsayi ake fara aunawa ba, wannan ko makaho ya shafa ya sani. Yaro zai jingina da bango ya ware hannuwa, ka auna daga yatsa zuwa yatsa. Sai ƙwauri, daga gwiwa zuwa idon sawu. Sai ka sa ya cire takalmi ka duba ko yatsunsa sun fara cin gaban takalmin. Koci ya ce, "Maraƙi ba tozonsa ake dubawa ba, tozo ciyawa ke kawo shi. Ƙafa ake dubawa." Na ƙarshe, wanda ya fi duka, shi ne ganin gida. Ka je ka gaida iyayen yaro, ka ga tsayinsu da idonka, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To amma ba Koci ne wahalar aikin nan ba, 'yan benci ne. Su ne kwastomominmu na gaskiya, kuma ba sa taɓa ƙoshi. Shugabansu Oga Wale mai gyaran okada, Bayarabe ne amma Hausarsa ta fi ta wasunku, shekararsa nawa yana bin Damisa bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga ba. Su kuɗin yaro a wurinsu abu ɗaya ne: ya yi tsalle ya danna ƙwallo a zobe, a ɗauka a waya, a sa mata kiɗa. Yaro ya yi haka sau ɗaya, kafin magariba ya kai yara uku. Ya zubar da ƙwallo ran Asabar, ran Lahadi ko ruwan leda ba za a karɓe shi da shi ba. Na taɓa ganin sun ɗaga darajar wani yaro don kawai ya yi sabon aski.

Shekarar da aka rataya min tef, wani bidiyo ya karaɗe wayoyin Agege. Bash Antena na ƙungiyar 'Yan Kwata, ɗan shekara sha biyar, dogo kamar falwaya, ya danna ƙwallo har allon yana rawa. Benci ya rikice. Kullum in na zo fili sai Oga Wale ya tare ni, hannunsa duk baƙin mai.

"Sadik, abeg, ka kawo mana Antena. Ko ni za a bayar a ba da ni."

"Oga Wale, kai ko da ciko ba mai karɓar ka."

"Ka ji ɗan banza. To ba ga Ƙwaro nan ba? Me yake mana, in ban da shiga tsakanin ƙafafun mutane?"

Habu Ƙwaro yaronmu ne, shekara sha uku, kansa da ƙyar ya kai ƙirjina. Amma fa tef ya gaya min magana a kansa. Hannuwansa in ya ware sun fi tsayinsa nesa ba kusa ba, takalminsa kuwa lambar Koci yake sawa, in yana gudu kamar ya ari na babansa. Kuma in ka ƙwace masa ƙwallo, wallahi sai ya bi ka har gidanku. Saura ganin gida.

Na je gidan ran wata Juma'a bayan masallaci. Na tarar da Malam Sale mai shayi da matarsa Gwaggo Asabe, wadda Habu yake kira Mama. Jama'a, kun san turmi? To turmi biyu na gani. Malam Sale in zai sauko da gwangwanin madara daga kanta sai ya taka kujera. Gwaggo Asabe ta kawo min kunu, na miƙe don girmamawa, sai na ga ina kallon tsakiyar ɗankwalinta. Na sha kununa, na yi godiya, minti goma na fito. Ban tambayi komai ba. Me zan tambaya, ga amsa a gabana tana tafiya?

Ranar musaya Koci ya ce, "Ka ga gida?"

Na ce, "Na gani, Koci. Inda yaron nan yake, nan zai tsaya."

Ya ce, "To."

Muka ba 'Yan Kwata Habu da sabuwar ƙwallo, muka karɓi Bash Antena. Omo, ranar sama aka ɗaga ni. Oga Wale ya ɗora ni a okada ya zagaya da ni har bakin titin jirgi yana hon. Aka sa hotona a guruf, aka rubuta "Farfesa".

Kar wani ya zagi Bash, yaron kirki ne, har yau muna gaisawa. Matsalarsa ɗaya: ya riga ya gama tsawonsa tun kafin mu ɗauke shi. Na auna shi da azumi, na auna shi da Sallah, na sake aunawa da wani azumin, tef yana wuri ɗaya kamar an buga masa ƙusa. Gemu ne kawai yake ƙaruwa. Shi kuwa Habu, sai ka ce taki ake zuba masa. Wata shida wandonsa ya koma gajeren wando. Shekara ɗaya da rabi, na ga wani mutum ya sunkuyar da kai zai shigo ta ƙaramar ƙofar fili, ya ɗago ya ce, "Yaya Sadik, ina wuni." Daga sama gaisuwar ta sauko min.

Wannan ita ce baƙar shekarar. Sau uku muka haɗu da 'Yan Kwata, sau uku suka yi mana wanka. Tsawo ya zo masa, kuma duk wayon gajeru da ya koya yana nan bai tafi ba. Ya yanke mutum a ƙasa, ya je sama ya danna a kan Bash. Benci ya juyo kaina. Farfesa ya koma "Tef ɗin roba". Oga Wale, wanda ya ce ko shi a bayar, shi ne ya hau benci yana cewa, "Ni dama tun farko na ce kar a taɓa Ƙwaro!" Bayan wasa na uku Koci ya kira ni tsakiyar fili, ya sa hannu ya cire tef daga wuyana, ya naɗe shi a hankali ya sa a aljihu.

"Ranar musaya mai zuwa zan ƙara jin bakinka sau ɗaya. In ka sake kawo min irin wannan, ka koma benci wurin Wale, ku dinga ihu tare."

Wanda ba shi da tef ba ya zama a gaban fili, don haka na koma can baya, jikin katanga, inda mata suke sai da abinci. Akwai wata mai waina a wurin, Hajara, mutuniyar Nijar ce daga wajen Tawa. Shekara da shekaru tana nan, kullum a zaune a kan kujera 'yar tsuguno gaban tanda, ba wanda ya taɓa kula da ita sai in yana jin yunwa. Wata rana 'Yan Kwata suna wasa da wata ƙungiya, ni kuma aikin ya riga ya zama min jiki, ido ba ya zama wuri ɗaya. Sai na lura da wani abu. Duk sanda Habu ya ci, fili ya ɗauki ihu, har masu zoɓo suna tafi, ita sai ta sunkuyar da kai ta hau juya wainar da ba ta nuna ba. Da aka doke shi ya faɗi a siminti, cokalin hannunta ya suɓuce cikin toka, amma ko uffan. Can sai ledarta ta ƙare, ta miƙe za ta ciro wata a ƙusar da ke saman katanga. Ta miƙe, ta ci gaba da miƙewa, ni ina zaune ina bin ta da kallo har hulata ta faɗi. Ƙusar nan ni sai na yi tsalle nake taɓa ta.

Na matsa na ce, "Inna, don Allah kin san Habu?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Waina nawa za a sa maka?"

Iya Basira mai zoɓo, da ke zaune kusa da ita, ta fashe da dariya har tana dukan kula. "Kai, ɗan Agege! Bahaushe da kai, sai ni Bayarabiya zan koya maka al'adarku? Ɗanta ne na fari, jare! Ɗan fari ai ba a nuna shi. Ko sunansa ba ta faɗa. Shekara nawa muna zaune nan, 'wancan yaron' kawai nake ji."

Ita ta warware min komai, Hajara tana jin mu, ta juya mana baya. Tun da aka yaye Habu aka kai shi gidan Malam Sale, kawun babansa, saboda Gwaggo Asabe Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma dama ɗan fari ba a barin sa a gaban uwa. Mu da aka haifa a Legas ina muka san wannan? Ni mamata daga bakin titi take ƙwala wa yayana kira da cikakken sunansa har da na makaranta. Gidan da aka raine shi na je, na auna mutanen da ba su haife shi ba, alhali wadda ta haife shi tana bayan kujerata tana sayar min da waina.

Na ce, "To Inna, sauran yaran fa? Akwai ƙanne?"

Nan fa baki ya buɗe, kamar ba ita ba. "Akwai Hasan da Usaini, ɗiyana tagwaye. Mi za ka yi da su? Ba abin da suka iya sai ci da kashe takalmi. In sun taso lakwal, makaranta ke nan, suna can wajen 'Yan Tasha, wai su ma ƙwallo."

Washegari na ari tef a wurin telan layinmu na nufi wurin ƙungiyar 'Yan Tasha. Tagwayen shekararsu sha biyu, suna can ƙarshen bencin 'yan jira, ko jesi ba a ba su ba. Jifa ba su iya ba sam, Usaini ya jefa ƙwallo ta tsallake allo ta faɗa gidan mutane. Amma hannuwa har gwiwa, takalma duk sun fashe ta gaba, kuma ƙwallo in ta faɗi ƙasa su biyu suke faɗa mata kamar kaji sun ga tsaba. Ganin gida kuwa, wannan karon sau uku na je. Na gaida babansu Malam Idi, mai gadin rumfunan albasa a Mile 12, mutumin da sai ya karya wuya yake shiga ɗakinsa. Na zauna na tambayi wa ya haifi wa, wa ya riƙe wa, har ya ce, "Yaro, aure ka zo nema ko ƙwallo?"

Ranar musaya na miƙe a gaban kowa, wuyana ba komai, na ce Damisa za ta ba da Bash Antena, a ba mu Hasan da Usaini.

Nan take fili ya fashe. Oga Wale ya cire hula ya buga da ƙasa. "Wayyo, yaron nan an yi masa asiri! Antena guda, a kan 'yan biyun da ko kwando ba sa gani? Koci, ka riƙe shi, zai sayar da mu duka!" Mutumin 'Yan Tasha kuwa har tuntuɓe yake wurin miƙo min hannu, ya ce don tausayi zai ƙara mana da saitin jesi.

Koci ya ja ni gefe. "Ka ga gida?"

"Na ga gida, na ga uba, na ga uwa a tsaye. Koci, je ka sayi waina. Ka ce a sa maka a leda biyu."

Ya kalle ni kamar zai mare ni, amma ya tafi. Ina hango shi. Ledar gabanta ɗaya ce, ta miƙe ta ciro ta saman katanga. Koci ya bi ta da kallo tun daga ƙasa har sama, sannan ya juya ya kalli Habu da ke tsaye cikin 'Yan Kwata, ya sake kallon ta. Ya dawo yana tauna waina, ya ɗaga murya ya ce, "A ba da Antena." Ni kuma ya ce min a kunne, "Tef sai na ga kofi. Maraƙi ka sayo, ba sa ba."

Shekara biyu muka sha kashi, ba ƙarya. Kullum da yamma ni da Koci muna fili muna koya wa tagwaye jifa, benci yana mana waƙa. Amma duk wata in na jingina su da bango, alamar alli sai ta hau. A shekara ta biyu Oga Wale ya daina waƙa, ya fara zuwa da kansa yana leƙa bangon.

Asabar ɗin da ta wuce, wasan ƙarshe, Damisa da 'Yan Kwata, bayan la'asar, fili ba masaka tsinke, har kan katanga mutane. Habu ya fi kowa a filin, wannan ba gardama. Amma duk inda ya juya, ga dogayen hannuwa huɗu irin nasa. Ya yanke Hasan, ya tarar da Usaini. Can bayan fili kuwa wata murya ce take tashi da ba mu taɓa ji ba: "Hasan, tare shi! Usaini, ɗaga hannu, don ubanka!" Hajara ce a tsaye, ta bar tanda tana hayaƙi. Amma da Habu ya ci, sai ta koma ta zauna ta hau juya waina.

Saura daƙiƙa kaɗan, muna gaba da ɗaya, ƙwallo a hannun Habu. Ya taso tun daga tsakiya, ya tashi sama, ni na riga na rufe ido ɗaya. Usaini ya tashi tare da shi, ɗan yatsa kawai ya sa, ƙwallo ta daki bakin zobe ta dawo, Hasan ya rungume ta ya kwanta a kai. Rafali ya busa. Kai! Kai! Kai! Ban san sanda na tsinci kaina a wuyan wani ba. Oga Wale yana gudu yana zagaya fili da kofi a ka yana ihu, "Ni na ce a kawo 'yan biyu! A tambayi kowa, ni na fara faɗa!" Koci ya kamo ni a tsakiyar cincirindon, ya zaro tef daga aljihu, duk ya yi ƙanshin kwata, ya rataya min, ya ce, "Gobe akwai wani yaro a Mushin. Kar ka dawo min da bidiyo."

Ana cikin wannan hayaniyar Iya Basira ta yafuto ni, wai ana kira na. Na je. Hajara ta riga ta cika wa tagwaye kwano suna ci a tsaye, tana ta yi musu faɗan sun yaga jesi. Sai ta miƙo min wata leda daban, mai zafi, an zuba ƙuli da yaji fiye da na kowa. Ba ta kalli ɓangaren da bencin 'Yan Kwata yake ba, inda Habu yake zaune shi kaɗai da tawul a ka.

"Sadiƙu, kai ma wancan yaron. Na ga tun rana bai sa komi a ciki ba. Kada ka ce daga ina."

Na kai masa. Ya buɗe ledar, ya shinshina, ya yi murmushi. Shi ma bai waiga ba. Ya jefa ɗaya a baki, ya ce, "Yaya Sadik, ka ce wa mai wainar ta ƙara wa 'ya'yanta abinci. Baɗi ba zan raga musu ba."